Idan jirgin sama ya daina zuwa: ina ruwan mutumin Damargu?

Wataƙila da ganin kan wannan magana za ku ce: mu mutanen Tanut da Belbeji, mi ya haɗa mu da jirgin sama? Mafi yawanmu ba mu taɓa shigarsa ba. Muna dai hango shi can sama, yana jan farin zare bisa gonakin gero. Gaskiya ne. Amma ku tambayi wanda ya taɓa raka marar lafiya cikin mota daga Damagaram har Yamai, ko tsohuwar da ta sayar da shanunta don zuwa Makka. Su za su gaya muku cewa rashin jirgi yana iske mutum har gida.

Kafin mu yi nisa, bari mu gyara kalma guda. Idan an ce "kamfanin jiragen sama na ƙasa", ba jirgin ƙasa ake nufi ba, mai tafiya bisa dogo. Ana nufin kamfanin da gwamnati ta kafa, ko take da kaso a ciki, wanda ke ɗauke da sunan ƙasa da tutarta.

Nisan da ke tsakaninmu da Yamai

Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kuma kusan 900. Da can Damagaram ce babban birni, sai a 1926 Turawan Faransa suka mayar da mazaunin mulki Yamai. Shi ya sa ma'aikatun ministoci, ofisoshin jakadanci da babban filin jirgi na Diori Hamani duk suna can yamma. Babbar motar fasinja tana tashi daga Damagaram kafin asuba, ba ta isa ba sai dare. Jirgi kuwa kamar awa 2 ya ishe shi. Wanda ya fito daga ƙauyukan Tarka sai ya ƙara da wahalar neman motar da za ta kai shi Damagaram tukuna.

Sau uku ana yi mana haka

A 1966 aka kafa kamfanin Air Niger. Jiragensa suna haɗa Yamai da Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. A 1993 ya daina aiki. Bayansa an yi shekaru da dama babu jirgin fasinja mai tsayayyen lokaci tsakanin jahohi. Wasu ƙananan kamfanoni sun gwada, ba su daɗe ba. Sai a 2014 kamfanin Niger Airlines ya fara kai da kawo da jirage masu kujeru 50, waɗanda ya yi haya daga wani kamfanin Falasɗinu.

Na biyu shi ne Air Afrique. Ƙasashe 11 ne suka haɗa kai suka kafa shi a birnin Yawunde a 1961, Nijar tana cikinsu. Mazauninsa yana Abijan. Shekara 40 yana haɗa manyan biranen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yana kai mutane Faransa, yana kai alhazai Jidda. Sai bashi ya danne shi. Gwamnatoci suna karɓar tikiti ba sa biya kan lokaci. Kowace ƙasa tana son a ɗauki nata mutane aiki, har ma'aikata suka wuce 4,000 alhali jiragen ba su kai 10 ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kamfanin yana karɓar kuɗin tikiti da yawa da sefa, amma bashin jirage da kayan gyara da kuɗin waje yake biya. Nauyin ya ninka a dare ɗaya. A farkon 2002 ya durƙushe. Bayan haka an ga abin mamaki: ɗan Afirka zai je wata ƙasar Afirka, sai ya fara bi ta Paris. An yi shekara 8 kafin kamfanin ASKY ya fara tashi daga Lome a 2010, ya toshe wani ɓangare na giɓin.

Na uku kun gan shi da idonku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta hana jiragen kasuwanci na ƙasashenta zuwa Nijar. Ran 6 ga Agusta Nijar ta rufe samaniyarta. Washegari Air France, kamfanin ƙasar Faransa, ya dakatar da zuwa Yamai, Bamako da Wagadugu. An buɗe samaniya ran 4 ga Satumba, jiragen Turkiyya, Maroko da Habasha suka dawo, amma a cikin watan nan hukumomin Nijar suka hana jiragen Faransa shiga. CEDEAO ba ta ɗage takunkuminta ba sai 24 ga Fabrairu 2024.

A nan akwai abin da ya fi taɓa mu mutanen gabas. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi kusa da mu fiye da na Yamai nesa ba kusa ba: kusan kilomita 240 ne daga Damagaram, ta Matamai da Daura. Ƴan kasuwa da masu zuwa Umra sun daɗe suna bi ta can. To a lokacin ita ma iyakar Najeriya a rufe take, ba a buɗe ta ba sai watan Maris 2024. Ƙofar yamma ta ƙuntata, ta kudu kuma an datse ta.

Mi ya sa ƙananan hanyoyi ake fara bari?

Ku dubi motar kasuwa a tashar Tanut. Direba ba ya tashi sai ta cika. Idan ba ta cika ba, ya jira, ko rana ta faɗi. Jirgi ba shi da wannan dama. An rubuta ranar tashi da lokacinsa, dole ya tashi. Man da zai sha, albashin matuƙa, kuɗin sauka a fili da kuɗin haya, kusan duka ɗaya ne ko ya cika ko bai cika ba.

Mu yi ɗan lissafi, misali kawai. Jirgi yana da kujeru 50. A ce sai mutum 35 sun biya kafin a mayar da kuɗin da aka kashe. Idan mutum 20 suka shiga, an yi asarar kuɗin kujeru 15. Idan kamfani ya ƙara kuɗin tikiti don ya rufe ramin, gobe mutum 12 ne za su zo. Haka ake yi har ranar da za a ce an dakatar da hanyar "na ɗan lokaci". Sau da yawa ɗan lokacin nan shekaru yake zama. Kamfanin da ke cikin matsi yana riƙe hanyar da ke kawo kuɗi, ya saki ta jahohi. Idan kuma jirgin na haya ne, mai shi yana iya karɓe abinsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Mai kuɗi ba ya rasa hanya. Zai ɗauki motarsa mai sanyi, ko ya sayi tikiti mai tsada ta Kasablanka ko Istambul. Nauyin yana faɗawa kan wanda bai taɓa tunanin yana da alaƙa da jirgi ba.

Akwai marar lafiyar da asibitin ƙasa na Damagaram ya tura Yamai. Mai karaya ko mai ciwon zuciya, yini guda cur yana girgiza cikin mota, ba kowa ne ke isa da sauran ƙarfi ba. Akwai ƙwararren likitan da zai iya zuwa daga Yamai ya duba mutane kwana 2 ya koma. Idan sai ya ba hanya kwana 2 kafin ya yi aikin kwana 2, zuwansa zai yi wuya. Akwai ɗalibin da ke karatu a waje, da ɗanku da ke ci-rani wanda aka kira shi don mahaifinsa ya kwanta. Akwai maganin rigakafi da ke buƙatar sanyi. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ba su maye gurbin wannan ba, domin ma'aikatan agaji suke ɗauka, ba kowane matafiyi ba.

Ni a ganina, tuta a wutsiyar jirgi ba ita ce ta fi damun mutumin Gangara ko Olelewa ba. Air Niger yana da tuta, Air Afrique yana da ƙasashe 11 a bayansa, duka biyun sun faɗi. Abin da zai amfane mu shi ne jirgin da ke zuwa Damagaram ranar da aka ce. Idan hanyar ba ta biyan kanta, kuma hukuma ta ga tana da amfani ga jama'a, gara ta ware kuɗin tallafi a fili cikin kasafi, kowa ya san nawa ne, maimakon a bar bashi ya taru a ɓoye. Kuma tun da mutum dubu suna bin ƙasa kafin ɗaya ya bi sama, gyaran hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas bai kamata ya jira zuwan jirgi ba.

Idan kuna riƙe da tikiti

A nan karatunku zai yi muku rana. Akwai bambanci tsakanin kamfanin da ya soke tafiya da wanda ya karye. Idan sokewa ya yi, yana nan da rai, kuna da haƙƙin neman a mayar muku da kuɗinku ko a sama muku wata hanya. Tun 2003 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta kafa doka kan haƙƙin fasinja idan an soke tafiya ko an yi jinkiri mai tsawo. Idan kuwa karyewa ya yi, mai tikiti yana shiga layin masu bin bashi, kuma yakan kasance can baya. Don haka in kun ji ana raɗe-raɗin kamfani yana tangal-tangal, kada ku sayi tikitinsa watanni kafin tafiya.

Ku karanta abin da ke kan tikiti da kanku: sunan matafiyi ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi, sannan rana, lokaci da sunan kamfani. Kada ku biya ko dala ba tare da takardar shaidar biya mai hatimi ba. Ku yi hattara da dillalan da ke cewa suna da hanya a ciki, domin lokacin da jirage suka yi ƙaranci ne kasuwarsu ke buɗewa. Mai niyyar Hajji ko Umra ya tabbata kamfanin da zai ba kuɗinsa yana cikin waɗanda hukumar COHO ta amince da su.

Kafin ku bar Tanut ko Belbeji, ku buga waya ku ji ko tafiyar tana nan, kada ku ci kilomita 1,000 ku iske an soke. Idan an soke, ku rubuta takardar neman kuɗinku, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi guda a hannunku. In kamfani ya yi shiru, ku kai kuka hukumar ANAC mai kula da sufurin jiragen sama a Yamai, tare da tikitin da takardar biyan.