GYARAN GIDA BA LAIFI BA NE

Da zarar damina ta ɗauke aka kai amfanin gona gida, magidanta a Dudunni da sauran garuruwan Kankia da Kusada sai su koma kan ɓarnar da ruwa ya bari. Wannan katangarsa ta zube, wancan azarar soronsa ta ruɓe, wani kuma ya sayar da 'yan buhunan gero don ya sa wa ɗakin tsohuwarsa kwano. A irin wannan lokaci ne talaka a ƙasar nan ya saba ganin wani ya ɓullo da littafi a hammata, yana neman "kuɗin izini", ba rasit, ba bayani, sai barazanar tsayar da aiki.

Ya kamata matasa su san abin da ke rubuce. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma bayar da izinin mallakar fili a karkara. Amma wannan dokar da kanta ta ce wanda ke da gini tun kafin a kafa ta zai ci gaba da riƙe abinsa. Ta ce in hukuma za ta karɓe wuri, sai don amfanin jama'a, kuma sai da diyyar ginin da ke kai. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon kimanta gidaje don haraji, amma adadin Majalisar Dokokin jiha ce ke yanka shi. Ma'aikaci ba shi da ikon ƙirƙiro farashi a bakin zaure.

Saboda haka duk wanda ya zo neman kuɗi, tambaya uku ta ishe shi: wace doka ce ta ce a biya? Nawa ta ce? Ina rasit mai hatimin hukuma? In ya amsa, a biya. In ya kama kame-kame, to cin dukiyar mutane ne da ƙarya, kuma haramun ne ko da naira ɗari ce.

Sai dai mai gida shi ma akwai haƙƙi a wuyansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da hana mutum ya ci hanya da katangarsa, ko ya juya indararo cikin gidan maƙwabci, ko ya buɗe taga tana leƙen iyalin wani. Wanda ya toshe magudanar ruwa ya rushe wa maƙwabcinsa ɗaki a damina mai zuwa, shi ma azzalumi ne.

Yawancin iyayen da ake tsoratarwa ba su karanta boko ba, 'ya'yansu kuwa sun karanta. Nauyi ne a kan kowane matashi ya tsaya kusa da mahaifinsa ranar da aka zo, ya karanta takardar da ladabi, ya adana rasit, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya tabbatar. In abin ya faskara, a haɗu a je wurin mai unguwa da dagaci tare, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara. Allah Ya tsare wa talaka guminsa.