Mai Zane a Hannun Dillali

'Yan'uwa ɗalibai, a 2018 an yi gwanjon zanen "Tutu" na Ben Enwonwu a Landan, aka sayar da shi fam miliyan 1.2. Jaridu suka yi ta guɗa, alhali mai zanen ya rasu tun 1994. To, na raye fa? Shi zai sayi fenti da tsada, dillali ya kwashe kusan rabin kuɗin, in ma an sayar. Abin da ya fi ciwo, dillalin ne ke zaɓa masa abin zanawa: raƙumi, hawan salla, Bafulatana da ƙwarya a ka, wai su baƙi ke so. In ya kuskura ya zana layin mai ko yajin aiki, sai a ce masa ba kasuwa.