Sarkin Ruwa da Amanar Tafkin Kainji

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kaɗan aka ceto. Hukumomi sun ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. Sai dai ba a ɓoye ake lodin jirgi ba. A bainar jama'a ake yin sa, a gaban dattawan bakin ruwa. Me ya hana wani ya ce a sauke?

A 1974 Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa kan "mutumin kirki", inda ya kawo halaye irin su gaskiya da amana da adalci. Mu manazarta mun daɗe muna bin sawun waɗannan halaye a cikin waƙa da karin magana, kamar adon mutum ne shi kaɗai. A ganina, a gaɓar Kainji amana ita ce ke ɗaukar nauyin doka, domin jami'in hukumar hanyoyin ruwa, NIWA, ba zai iya tsayawa a kowace mashiga ba.

An taɓa gwada hakan. A shekarun 1990, shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin ya tunkari matsalar ragar dala, wadda ke kwashe har ƙananan kifaye. Masana na Sabuwar Bussa suka kawo alƙaluma, gwamnati ta kawo doka da lasisi, amma ta bakin sarakuna da sarakunan ruwa haramcin ya isa ga masunta. Masunci ba ya karanta takardar doka. Fuskar wanda ya kawo ta yake dubawa.

Nan kuma gizo ke saƙar. Sarkin ruwan da ke da dalarsa a ɓoye, ko yake da kaso a kuɗin fasinja, ba shi da bakin hana kowa, ko da an tara masa rigunan kariya dubu. Saboda haka nake ganin bai kamata gado kaɗai ya isa naɗi ba. A ji shaidar masunta da matuƙa da mata masu bandar kifi tukuna.

Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya san fada ya san jami'a. Fadarsa za ta iya zaunar da NIWA da ƙungiyar matuƙa da malamai, a damƙa wa mutum ɗaya sananne a kowace mashiga ikon ƙirga fasinja da hana jirgi tashi.