SHARHI: A ina ɗalibin Kaduna zai koyi yi wa hukuma tambaya?

Ranar 1 ga Nuwamban 2024, wasu yara suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Suna cikin waɗanda aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar, aka tuhume su da laifuka har da cin amanar ƙasa, aka yanka wa kowannensu belin naira miliyan 10. Sai da hotunansu suka karaɗe duniya kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

An yi ta magana a kan yunwar da suka sha a tsare. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne: a ina yaro ɗan shekara 15 a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Shanu zai koyi yadda ake gaya wa mai mulki cewa ya kauce hanya, ba da jifa ko ɗaga tutar Rasha ba?

A bisa takarda, amsar ita ce makaranta. Darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya daɗe cikin darussan dole a babbar sakandare, kuma ana rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO. Amma haddace rassan gwamnati uku domin cin jarrabawa daban, miƙewa tsaye gaban jama'a a kare hujja daban. Na biyun ba a cika samun sa a cikin aji ba. Gurbinsa shi ne ƙungiyar muhawara, da ta 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, da ta wasan kwaikwayo, wato abubuwan da ake ɗauka ƙari ne kawai, waɗanda ake fara yankewa idan kuɗi ko lokaci ya yi ƙaranci.

Kaduna ta san amfanin wannan fiye da yawancin garuruwan Arewa. Daga 1938 zuwa 1949, kwalejin da a yau ake kira Barewa tana nan ne da sunan Kwalejin Kaduna, bayan tasowarta daga Katsina, kafin a mayar da ita Zariya. A nan Malam Aminu Kano ya yi karatu har ya kammala a 1942, kuma tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo masu zolayar zalunci da cuta. Da ya je koyarwa Bauchi, shi da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka haɗu a wani dandalin tattaunawa inda aka riƙa tayar da batun mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, har hukuma ta ga abin ya wuce inda take so. A watan Agustan 1950, Ɓalewa ya tsaya a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Mutumin da ya yi wannan jawabi malamin makaranta ne da ya riga ya saba da musayar hujja a ƙaramin ɗaki.

Zauren Lugard yana nan har yau, shi ne mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, tafiyar 'yan mintuna daga Kwalejin Rimi da Kwalejin Tunawa da Sardauna. Kai ɗalibai su zauna su saurari zaman majalisa bai buƙatar sabon kasafi. Wasiƙa ɗaya ce da motar haya.

Matsalar muhawarar makarantu a yau ba rashin yin ta ba ne kaɗai, har da irin wadda ake yi. Duk wanda ya taɓa halartar gasar ya san salon: ɗalibi ya gaishe da shugaban taro, da alƙalai, da mai lura da lokaci, sannan ya zubo jawabin Turanci da malami ko yaya ya rubuta masa, a kan ko likita ya fi malami amfani, ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Abokin karawarsa ma ya zubo nasa, babu wanda ya amsa wa wani. Maki yana tafiya ga wanda harshensa ya fi karyewa. Da wuya a ji an ɗora batun ruwan famfo a unguwa, ko cunkoson aji, ko korar malaman firamare fiye da 21,000 da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi bayan jarrabawar gwaji ta 2017, alhali ɗaliban su ne suka ɗanɗana sakamakon wannan mataki, ko mai kyau ne ko akasinsa.

Sai batun harshe. Siyasar arewacin Kaduna da Hausa ake yin ta: a gidajen rediyo, a majalisun bakin titi, a wajen kamfe. Amma a makarantu da dama Hausa ce harshen da ake hukunta ɗalibi idan ya yi. Ɗalibar da za ta iya warware hujja tsaf da harshen gida sai ta ja bakinta ta yi shiru don gudun a yi mata dariya. Abin lura, makarantun Islamiyya sun daɗe da gano bakin zaren, domin a wajen walimar sauka da musabaƙa ƙananan yara kan riƙe abin magana gaban ɗaruruwan mutane ba tare da ƙafa ta yi rawa ba. Ƙarfin halin yana nan. Abin da ya rage shi ne horo a kan sauraron wanda ya saɓa maka da ba shi amsa.

Wanda ya saɓa maka ɗin kuwa, a Kaduna, sau da yawa yana ƙetaren kogi. Tun bayan rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin garin, Kiristoci a kudanci. Yaron da aka haifa bayan nan yana iya gama sakandare a Unguwar Dosa bai taɓa zama teburi ɗaya da sa'ansa na Sabon Tasha ko Television ba. Gasar muhawara da za ta gauraya su cikin tawaga ɗaya, ba ta jera su a matsayin abokan gāba ba, za ta yi abin da tarukan zaman lafiya na otal suka daɗe suna alkawari.

Za a ce akwai abin da ya fi wannan gaggawa, kuma da gaskiya. Jihar da aka sace ɗalibanta a Afaka da Bethel a 2021, da Kuriga a 2024, tana da dalilin fifita katanga a kan kulob. Iyaye ma ba sa son yaro ya yi yamma a makaranta. Ga kuma ɗimbin yaran da ba su taɓa shiga aji ba, waɗanda babu ƙungiyar muhawarar da za ta riske su. Sai dai wasu gyare-gyaren ba su da tsada: a bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a bayan 'yan takara sun yi jawabi, maimakon naɗi daga ofis, a ware sa'a ɗaya cikin lokacin karatu, a yarda da Hausa da Turanci duka, a bar ɗalibai su zaɓi batun.

Dokar rage shekarun takara da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ta sauko da shekarun shiga majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe yana da shekara 17 zai iya ƙuri'a baɗi, ya nemi kujera a zauren Lugard nan da shekara 8. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kusan kashi 40 cikin 100 na masu rajista matasa ne 'yan 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba.