Motoci Masu Ƙwanji: Ƙarfin Inji Kaɗai Ba Ya Riƙe Kasuwa

 A wannan mako za mu leƙa Amurka, mu duba wasu motoci uku da suka daɗe suna kishi da juna: Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Amurkawa suna kiran irinsu motoci masu ƙwanji, wato mota mai ƙofa biyu da aka ɗora wa ƙaton inji, yawanci mai silinda takwas, amma kuɗinta bai kai na Ferrari ko Lamborghini ba.

Mustang ce babbar yaya, ta fito a watan Afrilu na 1964. Ganin yadda ake rububinta ya sa Chevrolet ya fito da Camaro a 1966, Dodge kuma ya biyo da Challenger a ƙarshen 1969.

Mu fara da ƙarfi. Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, kuma masu karatun kimiyya sun san doki ɗaya daidai yake da wat 746. Mustang GT ta 2024 tana da doki 480, Camaro SS tana da 455, Challenger Scat Pack kuma 485. Wanda ya tsaya a nan zai ce Challenger ta ci gasa. To amma nauyinta ya haura kilo 1,900, alhali Camaro tana kusa da kilo 1,700. Ku ɗauki biro ku raba nauyin kowacce da yawan dawakinta. Za ku ga kayan da dokin Camaro yake ja sun fi na Challenger sauƙi, kuma ƙarancin nauyinta ya sa ta fi Challenger iya shan kwana da tsayawa idan an taka birki. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa, manyan samfuran Challenger ba su da na biyu. Hellcat ta fito da doki 707, Demon 170 ta 2023 kuma ta kai 1,025.

Sai farashi. Mustang mai ƙaramin inji ta 2024 ta ɗan haura dala dubu 30, GT kuma ta haura dubu 40. Camaro SS ma, kafin a daina ƙera ta, an sayar da ita wajen dala dubu 40. Manyan cikinsu, Camaro ZL1 mai doki 650 da Challenger Hellcat, an sayar da su wajen dala dubu 70 a 2023. Demon 170 ta kusa dala dubu 100, kuma da yake kamfanin ya ce ba zai ƙera fiye da 3,300 ba, dillalai da yawa sun ƙara kuɗi a kai, masu saye suka biya. Abin da malamin tattalin arziki yake faɗa muku ke nan: kaya kaɗan, masu nema da yawa, farashi ya tashi.

To wacce aka fi saye? A 2021 Challenger ta fi Mustang ciniki a Amurka da ɗan kaɗan, Camaro kuwa ko rabin cinikin kowaccensu ba ta yi ba. Masu gwajin motoci sun yaba wa Camaro a filin tsere, amma tagoginta ƙanana ne, direba ba ya ganin gefe da baya sosai, kujerar baya a matse, but ɗin ma ba shi da faɗi. Challenger tsohuwar ƙira ce tun 2008, sai dai mutum uku suna zama a bayanta, kuma tana ɗaukar kaya. Mai saye ba kullum yake tsere ba, amma kullum yana zuwa aiki da kasuwa.

A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Camaro da Challenger duka. Amurkawa sun karkata ga manyan motocin iyali da a-kori-kura, dokokin rage hayaƙi sun ƙara tsauri, kamfanoni kuma sun zuba kuɗi a motocin lantarki. Mustang ce ta rage, wadda ba a taɓa daina ƙera ta ba tun 1964, kuma ana sayar da ita a ƙasashe da yawa, har da masu sitiyari a dama kamar Ingila da Ostireliya. Duk da haka, a 2024 Mustang Mach-E mai lantarki ta fi mai fetur ɗin ciniki a Amurka.

Ga aikin wannan mako. Ku zaɓi abubuwa biyu masu kishi da juna a kasuwar garinku, wayoyi ne ko babura, ku gwada ingancinsu da farashinsu, sannan ku tambayi masu shago wanne aka fi saye da kuma dalili. Ku turo mana abin da kuka gano, za mu buga mafi kyau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.