Degel: Ƙaramin Gari Mai Babban Gado

 A wannan mako filin namu zai kai ziyara wani ɗan gari da ke arewa da Sakkwato, kusa da Cimmola, cikin ƙasar Gwadabawa, watau Degel.

Wanda ya isa Degel yana neman ganuwa irin ta Kano, ko hasumiya irin ta Gobarau, zai koma da mamaki. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta noman gero da wake da kiwon dabbobi. Amma a nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. An haife shi a Maratta cikin 1754, iyayensa suka ƙauro da shi Degel yana yaro, kuma a nan kabarin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, yake. A nan ya soma wa'azi wajen 1774, yana da kimanin shekara ashirin. Bayan ya zaga Kabi da Zamfara yana karantarwa, sai ya komo Degel ya zauna. A nan ya rubuta littafinsa Ihya'us Sunna cikin 1793, a shekarar nan kuwa aka haifi 'yarsa Nana Asma'u.

To, mene ne ya jawo jama'a zuwa wurin da ba fada, ba babbar kasuwa? Karatu ne. Malamai da almajirai, Hausawa da Fulani da Buzaye, suka yi ta kwararowa suna kafa bukkoki kewaye da gidan Shehu. Yana karantar da masu zurfi tafsiri da fiƙihu, yana kuma fita ya yi wa talakawa wa'azi da harshen da suke ji. Mata ma ba a bar su a baya ba, gama ya tsananta wa malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna karantar da na waje.

Gado na biyu shi ne wadatar zuci. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi, ya miƙa wa Shehu kyautar zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan bai shiga aljihunsa ba. Ya kamata ma'aikacin da takardun jama'a ke bi ta teburinsa ya tsaya a nan ya yi tunani, haka ma ɗan kasuwar da mudu da sikeli ke hannunsa.

Da Sarki Nafata ya hana wa'azi da rawani da lulluɓi, Yunfa kuma ya ƙara tsanantawa, sai Shehu ya bar Degel ran 10 ga Zulƙida 1218, watau cikin Fabrairu 1804, ya yi hijira zuwa Gudu. An ruwaito cewa littattafai na cikin kayan da aka fi kula da su a tafiyar, aka ɗora su bisa raƙuman wani malami Buzu, Agali. Daga nan tarihi ya koma Gudu da Tabkin Kwatto, sa'an nan Sakkwato, wadda Muhammadu Bello ya gina cikin 1809. Degel kuwa ta koma ƙauye kamar dā.

Abin da ke damunmu ke nan. Da yawa daga cikinmu sun ziyarci Hubbare, amma in ka tambayi ɗansu ina Degel take, sai ya yi shiru. Wanda ya sami hali ya je, ya yi wa mamata addu'a bisa sunna. Kada ya ɗebi ƙasar kabari don neman tabarraki, domin irin wannan na cikin bidi'o'in da Shehu da kansa ya yi yaƙi da su.

Sa'an nan kowannenmu yana da tasa Degel, watau ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Akwai tsohon masallaci, da makarantar allo, da gafakar littattafan kakanni da gara ke ci. Ma'aikaci ya yi amfani da alƙalaminsa, ya rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye, ya nemi shawarar masana irin na Gidan Arewa a Kaduna kan adana tsofaffin rubuce-rubuce. Attajiri kuma ya tuna da malamin ƙauyensu, ya rufe masa zaure kafin damina, ya saya wa yara littattafai, maza da mata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.