KUƊIN SHIGA WURAREN YAWON BUƊE IDO: KO MATAFIYI YANA CIN RIBARSU?

Duk wanda ya ɗauko hanyar mota daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, ya san lissafin da ke gabansa tun kafin ya bar gida. Akwai kuɗin mota ko na esansi, akwai na peyaji, akwai na abinci da na masauki. Saboda haka idan aka ce masa ya ratse ya ga raƙuman dawa a Kure, ko ya shiga gidan tarihi na Yamai, aka kuma ce sai ya biya a bakin ƙofa, sau da yawa yakan girgiza kai ya wuce. Wasu ma sukan ce yaya za a sayar wa ɗan ƙasa kallon abin da yake na ƙasarsa. Wannan magana tana da nauyi, ya kamata a duba ta a tsanake.

Abin da matafiyi yake samu

Gidan tarihi na ƙasa, mai ɗauke da sunan Bubu Hama, an buɗe shi a shekara ta 1959. A cikinsa akwai tufafi da kayan aikin ƙabilun Nijar, da masu sana'o'in hannu suna aiki a gaban jama'a, da namun daji masu rai, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a jahar Agadas. A nan ne kuma aka ajiye sauran itacen nan na Tenere, wanda mota ta kayar a shekara ta 1973. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa ya zo Yamai, idan ya ƙi ba da ɗan abin da ake karɓa a ƙofar wannan gida, ya zama kamar wanda ya sayi doki ya tsaya cinikin linzami. Ɗan lakwal da ya wuni a wurin yakan koma gida da ilimin da allo shi kaɗai ba ya bayarwa.

Darasin raƙuman dawa na Kure

Kure tana bakin babbar hanya, kilomita wajen 60 daga Yamai idan an nufi Doso. A wannan yanki ne irin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma ya saura, bayan ya ƙare a sauran ƙasashe. A shekara ta 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya. Kafin ƙarshen shekara ta 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas a watan Nuwamba na wannan shekara aka kai gandun dajin Gadabeji cikin jahar Maraɗi.

Waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba. Suna yawo a tsakanin gonaki da ƙauyuka, suna cin ganyen gawo, suna kuma shiga gonakin wake su yi ɓarna. Manomin da aka cinye wa wake, aka kuma hana shi taɓa dabbar da ta ci, yana da hakkin ya tambayi mene ne rabonsa. Hani na doka shi kaɗai ba ya cika rumbu. Abin da ya taimaka wajen sanyaya zuciyar talakawan yankin shi ne amfanin da suka gani: ƴan ƙauyukan suka zama ƴan jagora masu raka baƙi, ƙungiyoyin kare dabbobin suka taimaka da rijiyoyi da ƙananan bashi. Kuɗin da matafiyi ya biya a Kure, ladan haƙurin manomi ne da na ɗan jagora wanda ya san inda garken ya kwana. Wanda ya ƙi ɗaukar ɗan jagora don gudun biya, yana iya ƙone man da ya fi wannan kuɗi bai ga ko sawu ba.

Ranar 9 ga watan Agusta na shekara ta 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a wannan wuri, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, cikinsu har da shugaban ƙungiyar ƴan jagora. Aka rufe wurin ga baƙi, abincin gidaje da yawa ya yanke. Gandun dajin W, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a shekara ta 1996, shi ma rashin tsaro ya raba shi da maziyarta. Wannan ya nuna cewa kwanciyar hankali ita ce gaba da kowane tikiti, kuma wajibi ne matafiyi ya nemi izni da shawarar hukuma kafin ya ratse daga kwalta.

Gini na ƙasa yana son yaɓe

Tsohon garin Agadas ya shiga kayan gadon duniya a shekara ta 2013, tare da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa. A Damagaram kuwa, ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a watan Satumba na shekara ta 2024. Ginin ƙasa ba ya jiran sai baitulmali ya samu sarari. Kowace damina tana ɗibar rabonta, magina kuma ba sa aiki da yabo. Wurin ibada ba a sa masa kuɗin ƙofa, amma tsoffin gidaje da fadoji da ganuwa da baƙi ke zuwa kallo, ɗan abin da aka tara daga hannunsu yana iya biyan yaɓen shekara.

Inda gyara ya wajaba

Ƙorafin matafiya yana da gaskiya a wuri ɗaya: sun fi jin zafin kuɗin da ba su san inda ya shiga ba. Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan ma'aikata. A rubuta farashi a allo, da Faransanci da harsunan ƙasa, a kafa shi a bakin ƙofa. A ba kowa takardar biya mai hatimi. A sauƙaƙa wa ɗan ƙasa, a ƙara sauƙaƙa wa ƴan lakwal da ɗaliban yaƙi da jahilci, domin yanzu da baƙin waje suka yi ƙaranci, ƴan gida ne za su riƙe waɗannan wurare. A ƙarshen shekara kuma a bayyana wa jama'ar yankin abin da aka tara da rabon da ya komo musu.

Inda aka cika waɗannan sharuɗɗa, matafiyin da ya biya ya ci riba, ya kuma bar wa ɗansa abin da zai zo ya gani. Inda aka karɓi kuɗi babu takarda, dabbobi suna rama, bango yana zubewa, matafiyin da ya wuce bai yi laifi ba, laifin yana kan wanda ya karɓa. Allah ya ba masu riƙon amana ikon riƙe ta.